Bayanin Kayan Aiki Ga Ɗan Aiken Na'ura: Darasi Daga Bagega

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san cewa rabin nasarar saƙo a bakin mai aike take. In ka ce wa yaro ya je ya auno maka gero, ba ka faɗi tiya nawa ba, ba ka faɗi wurin wa ba, ba ka kuma gaya masa abin da zai yi in ya tarar an ƙara kuɗi ba, to, in ya komo da abin da ba ka so kada ka nemi bulala, don kuwa laifin naka ne. Wannan magana tsohuwa ce, amma zamani ya sake ta da ita a wurin da ba mu zata ba, watau wajen na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake aika yanzu su yi wa mutane hidima.

Abin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan maƙala shi ne ra'ayina game da ɗan gajeren rubutun nan da ake yi wa irin waɗannan na'urori don a bayyana musu kayan aikin da aka danƙa musu. Ra'ayin nawa kuwa kashi uku ne. Na farko, wannan rubutu aikin harshe ne, saboda haka muna da haƙƙin sa baki a cikinsa. Na biyu, ba a gane kyansa da karantawa kurum, sai an gwada an ga abin da mai karanta shi ya aikata. Na uku, mafi muhimmancin abin da ke cikinsa shi ne faɗin iyakar kayan aikin da wurin da bai kamata a yi amfani da shi ba. Na ɗauko misalaina daga Bagega ta ƙasar Anka, domin a can ne na fara ganin abin da kan auku in kayan aiki ya shiga hannu ba tare da cikakken bayani ba.

Wane ne ɗan aiken na'ura?

Tun daga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, jama'a suka saba da na'urar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce. Da farko iyakarta ke nan, magana. A watan Yuni na 2023 kamfanin ya buɗe hanyar da na'urar za ta iya kiran wasu manhajoji su yi mata aiki, sa'an nan a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna MCP, wanda ya daidaita yadda ake haɗa na'urar da waɗannan manhajoji. Daga nan sai ta tashi daga mai ba da amsa ta koma ɗan aike. Tana iya buɗe rajista ta duba, tana iya aika wasiƙa, tana iya biyan kuɗi, tana kuma iya goge abin da aka adana. Kowace manhaja da take kira don yin ɗaya daga cikin waɗannan ita ce nake kira kayan aiki a nan.

Kowane kayan aiki yakan zo wa na'urar da abu uku: suna, da ɗan bayani a rubuce, da jerin guraben da za ta cike kafin ta yi amfani da shi. Iyakar abin da take gani ke nan. Ɗan maƙeri ya san amfanin awartaki da masaba da zuga-zugi tun kafin ya iya faɗin sunayensu, domin ya tashi yana ganin mahaifinsa a gaban uwar maƙera, in ya kama ƙarfe ta inda bai kamata ba kuma akwai mai kwaɓarsa. Ɗan aiken na'ura bai taɓa zama a maƙera ba. Bai ga cikin kayan aikin ba, bai ga wani yana amfani da shi ba, sau da yawa kuma babu kowa kusa da zai tambaya. Da wannan rubutun kaɗai zai yanke shawarar wane kayan aiki zai ɗauka daga cikin goma ko hamsin, da abin da zai zuba a ciki, da yadda zai fahimci abin da ya fito. In rubutun ya gurgunce, aikin ya gurgunce.

Abin da ya faru a Bagega

A ƙasar Anka aka haife ni, ina kuma ɗan firamare sa'ad da wannan abu ya faru. Abin da ban manta ba shi ne ƙarar injin niƙa da ƙurar da kan kwanta a kan tufafi da ƙwarya da kan yara masu rarrafe a tsakar gida. A waɗannan shekaru kuɗin zinariya ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukanmu suka shiga haƙar dutse. Akan kawo dutsen cikin gari, har cikin gidaje, a farfasa shi, a daka a turmi ko a niƙa a injin, a wanke, a shanya. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen yana ɗauke da dalma mai yawan gaske.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna sanƙarewa, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuma ba ya yi musu aiki. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin lafiya na Nijeriya a ƙauyuka biyu a wannan shekara ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin baki ɗaya sun kai 400. Allah ya jiƙansu. Tsakanin 2010 da 2011 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka zuba mai tsabta a ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, alhali yara wajen 1,500 na jiran magani. A 2015 kuma irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa rashin bayani ne kaɗai ya jawo wannan masifa. Talauci ne ya kai mutane rami, jinkirin hukuma kuma ya tsawaita wahalar. Abin da nake cewa shi ne, a cikin wannan labari akwai kayan aiki iri-iri, kuma kowannensu yana koya mana wani abu game da abin da ya wajaba bayani ya ƙunsa. Daga cikinsu na fitar da ma'aunai biyar.

Ma'aunai biyar na bayani nagari

Ma'auni na farko: shin bayanin ya faɗi wurin da ba a amfani da kayan aikin? Babu Bahaushen da bai san amfanin turmi da injin niƙa ba. In da za a ce wani ya bayyana injin, zai ce abu ne da ke mai da tsaba gari, maganarsa kuwa gaskiya ce. Amma wannan bayani bai hana kowa zuba dutse a ciki ba, hasali ma shi ya nuna cewa zai yiwu, tun da dutsen ma ya zama gari. Jumlar da ta rage ita ce wadda za ta ce kada a niƙa wannan dutse a busasshe, kada a niƙa shi inda yara suke, kada kuma a haɗa shi da wurin abinci. Haka abin yake ga na'ura. Yawancin masu rubuta bayani sukan tsaya ga faɗin abin da kayan aiki ke iya yi, domin shi ne abin alfaharinsu. Ɗan aike kuwa, in ya ga abin da ya yi kama da buƙatarsa, ɗauka zai yi, sai fa in an gaya masa a fili cewa nan ba wurinsa ba ne.

Ma'auni na biyu: shin ya faɗi iyakar abin da kayan aikin ke iya gani, da yadda za a karanta amsarsa? Ƙaramar na'urar auna jini da aka yi aiki da ita a ƙauyukanmu, mai suna LeadCare II, ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, a ma'aunin maikurogiram cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. In jinin ya haura haka, sai ta nuna wata alama mai nufin ya wuce, ba ta ba da lamba. Da yawa daga cikin yaranmu sun haura wannan iyaka, har sai da masu aikin suka ɓullo da hanyar sirka jinin don a sami ainihin lambar. Likita ya san ma'anar wannan alama. To, a ce ɗan aiken na'ura ne aka sa ya tattara sakamakon, ba a kuma gaya masa ba. Zai iya ɗaukar gurbin da babu lamba a matsayin gwajin da ba a yi ba, ko ya rubuta 65 ga kowa, ta haka yaron da ya fi kowa kusa da mutuwa shi zai ɓace daga lissafi.

Ma'auni na uku: shin ya faɗi sharaɗin da ke gaba da aikin? Maganin da aka ba yaran yana jawo dalma daga jiki ya fitar da ita ta fitsari, akan kuma fara ba da shi ne in lambar jini ta kai 45. Amma likitoci ba su fara ba da shi gadan-gadan a Bagega ba sai a 2013, bayan an soma tsabtace gidaje, domin ba shi da amfani a yi wa yaro magani a mai da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Watau akwai abin da ke zuwa kafin wani. Bayanin da ya ce wannan magani yana fitar da dalma, ya yi shiru a nan, ya faɗi gaskiya amma bai shiryar ba. Kayan aikin na'ura da yawa haka suke: sai an tabbatar da mai asusu kafin a biya, sai an nemi izini kafin a goge. In ba a rubuta wannan ba, na'ura ba za ta san shi daga sama ba.

Ma'auni na huɗu: shin ya faɗi da wane mudu ake awo? A ranar 23 ga Satumba 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lissafinta da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka ma'aunin mita ne. Mu ma muna da irin namu. In tsoho ya ce jaka biyar, naira 1,000 yake nufi, ba jakunkuna ba. Tiyar wata kasuwa ba ita ce ta wata ba, buhu ma haka. In mutum ya ce bara ko baɗi ko jibi ko gata, sai an san ranar da ya yi maganar kafin a mai da ita kwanan wata. Gurbin da aka rubuta wa "yawa" ko "kuɗi" ko "rana" kurum, ba tare da an faɗi ma'auni da misali ba, tarko ne.

Ma'auni na biyar: shin bayanin ya dace da gaskiyar kayan aikin a yau? A labarin kumbon nan, takardar ƙa'ida ta faɗi ma'aunin da ya kamata, manhajar ce ba ta bi ta ba, ba a kuma gano saɓanin da wuri ba. Ita ma na'urar auna jinin da na ambata, a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a yi amfani da irinta a kan jinin da aka ɗebo daga jijiya, domin takan nuna ƙasa da abin da ke akwai. Ashe bayanin da ya isa jiya yana iya gazawa yau. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa ana iya ɓoye mugun umarni cikin bayanin kayan aiki, mai amfani bai gani ba amma na'ura ta karanta ta bi, har ta fitar da asirin mai ita. Saboda haka wanda zai auna bayani dole ya karanta shi duka kamar yadda na'ura za ta gan shi, ya kuma tambaya ko wane ne ya rubuta.

Misali don gwadawa

Bari mu ƙaddara wani asibitin karkara ya ba ɗan aiken na'ura damar duba rajistar gwajin jini. Wani zai rubuta masa bayani kamar haka: "Wannan kayan aiki yana kawo sakamakon dalma na yara." Babu kuskuren nahawu a ciki, ga shi gajere, duk wanda ya karanta zai ce ya gane. Wani kuma zai rubuta haka: "Yana kawo sakamakon gwajin dalma na ƙarshe na yaro ɗaya. A sa lambar katin yaron, kada a sa suna, domin yara da yawa sunansu ɗaya. Amsar tana zuwa da lamba da ranar gwaji. In ta ce 'ya wuce', jinin ya haura 65, a sanar da ma'aikacin lafiya nan take. In ta zo babu komai, ba a yi gwajin ba ne, kada a ce yaron lafiya yake. Dubawa kurum yake yi, ba ya gyara rajista, ba ya kuma faɗin yawan magani."

Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu ba na ado ba ne. Kowace jumla a na biyun ta toshe wata kafa ta kuskure wadda na farkon ya bari a buɗe. Wanda ya san yawan masu suna Sani da Aisha a ƙauye guda ya san dalilin jumlar katin. Wanda ya san labarin Bagega ya san dalilin sauran.

Yadda ya kamata a auna

To, ta yaya za a tabbatar na biyun ya fi? A nan ne nake ganin da yawa suna kuskure. Akan tara mutane su karanta bayani su ba shi maki bisa tsabtar harshe da tsari, yanzu har akan sa wata na'urar ta yi wannan duban. Wannan yana da amfani wajen kama abin da aka manta, amma bai isa ba, domin mai duban yakan cike giɓi da saninsa ba tare da ya lura ba. Wanda ya ƙera abu shi ne mafi raunin alƙali a kan bayaninsa, tun da duk abin da ya tsallake yana nan cikin kansa.

Hanyar da nake gani ita ce ta gwaji. A shirya buƙatu irin waɗanda mutane za su kawo da gaske, a kasa su uku: waɗanda kayan aikin ya dace da su, da waɗanda suka yi kama amma bai dace ba, da waɗanda ba su cika ba har sai an sake tambaya. A fara ba ɗalibin da bai taɓa ganin kayan aikin ba, a hana shi komai sai rubutun, a ga abin da zai yi. Duk inda ya tsaya yana neman ƙarin bayani, nan ne giɓin yake. Sa'an nan a ba na'urar, a maimaita sau da yawa, domin ba kullum take ba da amsa iri ɗaya ba. A ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa ta cike gurabe daidai, sau nawa kuma ta janye hannu inda janyewa ce daidai. Jadawalin gwajin da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fara fitarwa a 2024 ya ƙunshi irin wannan sashe, inda amsar da ta dace ita ce kada a kira komai. Daga nan a sauya jumla ɗaya, a sake gwajin. In an cire jumla aikin bai canza ba, ba ta da amfani. In an cire ta kuskure ya ƙaru, ita ce ginshiƙi.

Bugu da ƙari, kada a ƙirga kurakurai a matsayin abu ɗaya. Ɗan aiken da ya sake tambaya inda babu buƙata ya ɓata lokaci ne kurum. Wanda ya ce yaro lafiya yake alhali ba a gwada shi ba ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Jimlar maki mai kyau tana iya ɓoye kuskure guda irin wannan, saboda haka dole a zauna a karanta kowane kuskure da ido, a ga daga wace jumla ya taso.

Abin da masu saɓani za su ce

Wani zai ce na'urorin nan kullum ƙara basira suke yi, nan gaba kaɗan za su gane abin da ake nufi ko da an taƙaita. Na yarda suna ƙara ƙwarewa. Amma basira ba ta maye gurbin labari. Mutanen Bagega ba wawaye ba ne. Mutane ne da suka iya gane dutsen da ke da zinariya da ido, suka iya raba ta da ƙasa. Abin da ba su da shi labari ne, watau cewa akwai dalma a ciki. Kome hikimar ɗan aike ba zai san iyakar na'urar auna jini ba in ba a gaya masa ba, ɗan aike mai wayo ma ya fi iya rufe rashin saninsa da magana mai daɗi.

Wani zai ce dogon bayani yana da tsada, domin na'ura tana da iyakar abin da take iya riƙewa a lokaci guda, in kayan aiki sun yi yawa kuma bayanansu sun cika wuri sai ta ruɗe. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce a tsawaita ba. Gwajin cire jumla da na ambata shi ne maganin wannan, don yana nuna abin da za a zubar da abin da za a bari.

Wani kuma zai ce ai da Ingilishi ake rubuta waɗannan bayanai, ina ruwan ɗalibin Hausa? Lalle yawancinsu da Ingilishi suke, na'urorin kuma sun fi ƙwarewa a cikinsa. Amma buƙatar da za ta shigo daga bakin ungozoma ko manomi ko ma'aikacin asibitin ƙauye da Hausa za ta zo, wani lokaci ma da karin harshen Zamfara. A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, na'urar harshe mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishi, wanda ya nuna inda aka dosa. In buƙatun gwaji duka da Ingilishi aka rubuta su, to, ba a gwada abin da zai faru a Bagega ba.

Rabonmu a cikin aikin

Ga misali guda daga darasin nahawu. Mun karanta rabe-raben aikatau na F. W. Parsons, mun san bambancin aji na huɗu da aji na shida. In ma'aikaciya ta ce, "Ciro mini sunayen yaran da suka haura 45," so take ta gan su. In aka ce "cire", an umarta a kawar da su ke nan. Wasali guda ne tsakani, mai rubutu a waya cikin gaggawa kuwa yana iya sa wannan a gurbin wancan. Haka "kashe" take tsakanin kuɗi da asusu, haka "gari" yake tsakanin wurin zama da abin tuwo, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, wasu ma ba sa sa lanƙwasa a baƙaƙe. Wanda ya san waɗannan ramuka shi ne zai ce a rubuta cikin bayanin kayan gogewa cewa kada a taɓa amfani da shi sai an karanta wa mai aike abin da za a goge ya amince. Shi ne kuma zai shirya buƙatun gwaji da za su kama kuskuren tun kafin ya kai ga rajistar gaske.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gare mu. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikin mai ƙamus shi ne ya bayyana abu da 'yan kalmomi ta yadda ba za a ruɗa shi da maƙwabcinsa ba, ya raba ƙwarya da ƙoƙo da masaki ga wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Bayanin kayan aiki ɗan'uwan wannan ne, sai dai mai karanta shi ba ya tsayawa ga fahimta, aikatawa yake yi. Shawarata ga sashenmu ita ce a shigar da irin wannan rubutu cikin darussan fassara da ƙirƙirar kalmomi, a kuma ƙarfafa wa masu rubuta kundin kammala digiri su tattara yadda mutane ke faɗin buƙatunsu a asibiti da kasuwa da tasha, cikin karin harshensu, domin wannan shi ne abin da masu ƙera na'ura ba su da shi, ba kuma za su same shi a littafi ba.

Kammalawa

A taƙaice, na kawo ma'aunai biyar: wurin da ba a amfani da kayan aiki, da iyakar ganinsa, da sharaɗin da ke gaba da shi, da mudun da ake awo, da dacewar bayani da gaskiya. Na kuma ce ba a tabbatar da ko ɗaya daga cikinsu sai da gwaji, gwajin ma da harshen mutanen da za a yi wa hidima. A 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Jihar Zamfara bayan fiye da shekara 11, amma yaran da suka tsira da rai, waɗanda wasunsu ƙannen sa'o'ina ne, da yawa suna nan da raunin da gubar ta bar musu. In wata rana aka ce na'ura ce za ta riƙe rajistarsu ko ta 'ya'yansu, ina fata bayanin da za ta karanta ya bi ta hannun wanda ya san harshensu ya kuma san abin da ya same su. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana su duba wannan ra'ayi, inda na yi kuskure su gyara mini a fitowa ta gaba.